Manhaja, shafin intanet ko WhatsApp: da wanne za mu fara haɗa matasa da aiki da horo?

Malama Bilkisu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Ƙungiyarmu ta sa-kai tana da matasa kamar 200 a hannu, shekarunsu daga 16 zuwa 24, ba sa makaranta, ba sa aiki, ba sa koyon sana'a. Burinmu kowannensu ya samu ɗaya cikin uku: aiki, ko gurbin koyon sana'a, ko komawa karatu. Mu huɗu ne ke aikin, kuma babu mai rubuta manhaja a cikinmu. Yawancin yaran ƙananan wayoyin Android gare su, wasu mai maɓalli, wasu kuma, musamman 'yan mata, wayar wani suke aro a gida. Data ba ta isar kowa.

Kan kwamitinmu ya rabu. Wasu sun ce a nemi wanda zai gina mana manhaja, wasu sun ce shafin intanet ya isa, wasu sun ce a buɗe rukunin WhatsApp a huta. Da wanne za mu fara? Me ya kamata mu tambaya wajen rajista? Kuma ta yaya za mu gane abin yana amfani, ba tara sunaye kawai muke yi ba?

Injiniya Bashir ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka da alheri. Maganar manhaja ku ajiye ta tukuna. Irin wayoyin da kika kwatanta kullum a cike suke, yaro zai sauke manhajarku yau, jibi ya goge ta don ya samu wurin ajiye hotuna. Sannan manhaja ba gida ba ce da ake gamawa a miƙa mukulli. Google Play na ɗaga matakin Android da yake buƙata kusan duk shekara, wadda ba a sabunta ba sai ta daina fitowa ga masu sababbin wayoyi. Ke nan sai kun riƙe mai kula da ita, ku kuwa ba ku da shi.

A watan farko abu uku kuke buƙata: fom ɗin rajista, teburin bibiya, da hanyar aika saƙo.

Fom ɗin za ku iya yin sa da Google Forms, amsoshin su riƙa faɗawa kai tsaye cikin Google Sheets. Amma ku kiyaye abu ɗaya: da zarar kun sa wurin ɗora hoto ko takarda, fom ɗin zai tilasta wa mai cikewa ya shiga da asusun Google, kuma nan ne yara da yawa ke tsayawa, don wani ne ya buɗe musu asusun lokacin da suka sayi waya, ba su san kalmar sirrin ba. Kada ku nemi a ɗora komai a rajistar farko. Idan kuma ku ne za ku bi yaran inda babu sabis, KoboToolbox ya fi dacewa. Manhajarsa ta KoboCollect tana ajiye amsa a waya ba tare da intanet ba, ta tura idan an samu sabis.

Tambayoyi kada su wuce goma sha biyu. Suna, shekarar haihuwa, lambar waya, wayar ta waye, lambar wani na biyu da za a iya kira, matakin karatun da ya kammala, abin da ya iya yi da hannunsa yanzu, wanne yake so cikin ukun, nisan da zai iya zuwa kullum, lokacin da yake da sarari, da abin da ya hana shi zuwa yanzu. Duk inda zai yiwu ku ba da zaɓi a latsa, kada ku bar wurin rubutu. In kun bar shi a buɗe, sana'a ɗaya za ta zo muku da rubutu iri biyar, tacewa ta gagara.

Lambar waya ita ce shaidar kowane yaro, ita kuma ta fi lalacewa. Sheets da Excel suna ɗaukar ta a matsayin lissafi su cire sifilin farko. Tun kafin a fara, ku saita wannan layin ya zama na rubutu, ku rubuta kowace lamba da lambar ƙasa a gaba, salo ɗaya ga kowa. Da haka ne za ku kama wanda ya yi rajista sau uku.

A teburin ku ƙara wurare uku da ku za ku riƙa cikewa: wanda ke kula da yaron a cikinku, ranar da aka yi magana da shi ta ƙarshe, da matsayinsa. Matsayi shida sun isa: sabo, an tattauna da shi, an tura shi, ya fara, ya bari, ba a same shi ba. Ku saita teburin ya mai da sunan duk wanda aka kwana 14 ba a ji shi ba ja. Ku huɗu, yara 200, kowa na da 50. Kiran minti biyar ga mutum 50 awa huɗu ne da 'yan mintuna a mako. Wannan kiran shi ne aikin, sauran duk kayan taimako ne.

Ga masu waya mai maɓalli, saƙon tes ne hanya, kuma akwai tarkon da ya shafe mu masu rubutu da Hausa. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160. Amma in aka sa harafi ɗaya mai lanƙwasa, ƙ ko ɗ ko ɓ, tsarin ya sauya, saƙon ya koma haruffa 70 kacal, in ya zarce a yanka shi 67-67. Saƙo mai haruffa 150 sai ya zama uku, ku biya kuɗin saƙo 600 maimakon 200, wasu tsofaffin wayoyin kuma su nuna akwati a madadin harafin. A tes kaɗai, ku yi amfani da k, d, b na yau da kullum.

Malam Sani ya amsa:

Injiniya ya gama da rajista, bari in ɗora kan ɓangaren karatu, don nan ne ake yawan yaudarar kai. Darussa kyauta sun cika intanet: Khan Academy tun 2008, Coursera da edX tun 2012, freeCodeCamp tun 2014, ga Cisco Networking Academy mai koyar da harkar haɗa kwamfutoci. Sai a ɗauka tura wa yaro adireshin darasi ya wadatar. Bai wadatar ba. Binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2019 kan darussan jami'o'in MIT da Harvard a edX ya nuna kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari ne na waɗanda suka shiga suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018. Mafi yawan waɗannan kuwa masu ilimi ne da intanet mai kyau. To ina ga yaron da ya bar makaranta shekara uku da suka wuce, yana kallo a ƙaramin allo?

Ku fara da lissafin data. Bidiyo mai gudun megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin MB 450 a awa. Murya zalla mai kilobit 32 tana cin kamar MB 14 a awa. Bambancin ya haura ninki talatin. Don haka bayanin da ba ya buƙatar gani, ku yi shi da saƙon murya na minti uku zuwa biyar, a haɗa da hoto ɗaya ko biyu. Bidiyo a bar shi ga abin da dole ido ya gani, kamar yadda ake riƙe ƙarfen liƙi wajen gyaran waya ko yadda ake jera siraran wayoyi takwas da ke cikin kebul ɗin intanet, shi ma a taƙaita shi, a rage nauyinsa kafin a tura.

In kuna da ɗaki ɗaya da wuta ko sola, akwai hanyar da ta fi wannan. Kolibri, tsarin ba da darussa ba intanet na ƙungiyar Learning Equality, kyauta ne. Ana sa shi a tsohuwar kwamfutar cinya ko a ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, a sauke darussan sau ɗaya, a haɗa da na'urar raba wifi. Duk wanda ya shigo ɗakin zai buɗe darussan a wayarsa ba tare da ya taɓa datarsa ba, malami kuma yana ganin wanda ya yi aiki da inda ya maƙale. Kiwix ma yana ba da Wikipedia ba intanet. Abin da ke lalata wannan tsarin yawanci biyu ne: ɗaukewar wuta ba zato tana lalata katin ajiya na Raspberry Pi, don haka a sa batir a tsakani, a kuma ajiye kwafin katin, sai kuma na'urar wifi mai arha da ke durƙushewa idan mutane da yawa suka buɗe bidiyo lokaci ɗaya. Ku gwada ta da adadin da kuke tsammani kafin ranar farko. Moodle, wani tsarin koyarwa ta intanet, yana da kyau, manhajarsa ma tana sauke darasi a karanta daga baya, amma yana buƙatar wanda zai kula da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, don haka ba na bana ba ne a gare ku.

Ku raba yaran rukuni-rukuni, 12 zuwa 15, su fara tare su gama tare, mako shida zuwa takwas, da haɗuwa ido da ido sau ɗaya a mako. Kowane mako a ba da aiki ɗaya da za a nuna, ba tambayar zaɓi ba. Mai koyon Excel ya kawo teburin da ke tara jimla da kansa. Wanda bai kawo aiki mako biyu a jere ba, a kira shi a ranar, kada a jira ƙarshen zango. Kuma kada ku tura kowa koyon rubuta manhaja don ita ake yayi. Rubuta manhaja a waya wahala ce ƙwarai, wanda ba ya samun kwamfuta aƙalla awa shida a mako zai sare. Kafin komai ku gwada karatu da lissafi da ɗan gajeren gwaji, domin wanda ba ya iya karanta umarni mai layi biyar, ajin karatu yake buƙata kafin kowane kwas.

Hajiya Rabi ta amsa:

Malam Sani, na yarda da kai, sai dai ina ganin an fara daga wutsiya. Kafin a zaɓi kwas, a fara sanin wa zai ɗauki yaron. Malama Bilkisu, ku buɗe teburi na biyu na masu ba da aiki da masu koyar da sana'a, ku nemi ko da ashirin ne, ku tambaye su abin da sabon ɗauka ya kamata ya iya a makon farko. Amsarsu ita ce abin da za ku koyar. Takardar shaidar kwas ɗin intanet ba ta cika burge mai ɗaukar aiki ba, aikin da aka nuna masa ne ke burge shi. Kowane yaro ya samu babban fayil ɗaya a Google Drive da hotunan aikinsa biyar zuwa goma, masu haske, da layi ɗaya na bayani a ƙarƙashin kowanne.

Duk tallan aikin da za ku tura, sunanku ne a kai. Yaran za su amince da shi don daga gare ku ya fito, saboda haka kada ku taɓa tura abin da aka turo muku ba bincike. Kowane gurbi sai an cike masa waɗannan kafin ya fita: sunan wurin, adireshin da ɗayanku ya je ya gani ko ya tabbatar ta wata hanya dabam da lambar da ke jikin tallan, irin aikin, awannin aiki, ko akwai biya da yadda ake biya, da ranar rufewa. Ranar rufewar nan kada a raina ta. Yaro ya kashe kuɗin mota ya je aka ce an ɗauka tun makon jiya, sau biyu ya ishe shi ya daina buɗe saƙonku.

Alamomin damfara sanannu ne, ku koya wa yaran su tun ranar farko. Neman kuɗin fom ko na horo ko na kaya kafin a fara aiki. Albashin da ya fi ƙarfin aikin. Ɗauka ba ganawa. Babban kamfani da ke rubutu da adireshin Gmail. Gaggawar a biya yau. Aikin ƙasar waje da za a riƙe fasfo. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin samar da aiki ba ya karɓar kuɗi daga hannun mai neman aikin. Ku mai da ita dokarku. Wata kuma da ke cin yara sosai: a kira su a ce an turo lamba shida don tabbatar da rajista, su karanto. Lambar WhatsApp ɗinsu ce, suna bayarwa an ƙwace asusun, a shiga roƙon kuɗi da sunansu. Ku zaunar da su kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a gabanku, minti biyu ne.

Kan CV kuwa, shafi ɗaya, PDF na rubutu, ba hoton takarda da aka ɗauka da waya ba. Manyan kamfanoni da yawa manhaja ce ke fara tace takardun, ba ta karanta rubutun da ke cikin hoto, kuma teburori da ado suna rikita ta. Sunan fayil ya zama sunan yaron. Adireshin imel ma sunansa, ba laƙabi ba, kuma a gwada ya fita ya sake shiga da kansa, a sa lambar dawo da asusu. Kiran ganawa da yawa na mutuwa a akwatin imel da ba a buɗewa. Shafin neman aiki na LinkedIn daga shekara 16 yake karɓa, shafukan aikin kwangila irin su Upwork sai 18, kuma kafin yaro ya yi aiki a can a tabbatar akwai hanyar da kuɗin zai iso hannunsa.

Abu na ƙarshe, kada ku watsa kowane gurbi ga mutum 200. Ku tace teburin, ku zaɓi uku zuwa biyar da suka dace da nisa da lokaci da iyawa, ku kira su. Mai ba da aikin da aka turo wa mutum arba'in marasa dacewa ba zai sake ɗaga wayarku ba.

Malama Bilkisu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura biyu. Muna da 'yan ƙasa da 18 da kuma 'yan matan da ke aron waya, ina jin tsoron sa su a rukuni ɗaya da kowa. Sannan har yanzu ban samu amsar yadda za mu auna nasara ba.

Malama Zainab ta amsa:

Tsoronki yana kan hanya, 'yar'uwa. A rukunin WhatsApp kowa na ganin lambar kowa, kuma da haka ake fara bin yarinya da saƙo a keɓe. Don sanarwa ku buɗe tashar WhatsApp, inda mabiya ba sa ganin lambar juna. Jerin watsa saƙo ma yana ɓoye lambobi, amma iyakarsa mutum 256, kuma wanda bai ajiye lambarku a wayarsa ba saƙon ba zai same shi ba, shi ya sa ake turawa a ji shiru. A sa kowa ya ajiye lambar a wurin rajista. Rukunin tattaunawa ya tsaya ga 'yan aji ɗaya, da manya biyu a ciki, kuma ma'aikaci ba ya hira a keɓe da ɗan ƙasa da 18 da lambarsa ta kansa. Layin ƙungiya ɗaya, wanda wani ma zai iya dubawa.

Mai aron waya, a tambaye ta lokacin da wayar ke hannunta, a rubuta a teburi, a kira a lokacin. Kada a tura wani abu na sirri a rubuce, domin mai wayar zai karanta. Yana da kyau mai wayar ya san ƙungiyar tun farko, in ba haka ba zai ga baƙuwar lamba ya toshe. Kada ku ɗauki waɗannan a matsayin 'yan tsiraru. Ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna kusan matashi ɗaya cikin biyar a duniya ba ya aiki, ba ya karatu, ba ya horo, kuma biyu cikin uku na waɗannan mata ne. Tsarin da ya dogara ga mallakar waya zai zubar da su.

'Yan ƙasa da 18 sai da amincewar iyaye ko mai riƙo a rubuce, kuma ba a tura su aiki mai haɗari ga lafiya. Yarjejeniya ta 138 ta 1973 ta sa 18 ne mafi ƙarancin shekaru na irin wannan aikin. Ku duba dokar ƙwadago da ta kare bayanan mutane ta ƙasarku. Teburin kuma kada a buɗe shi ga duk mai adireshinsa, a ba mutum huɗun kaɗai da asusunsu, wanda ya bar ƙungiya a cire shi a ranar. Kada ku ajiye hoton katin shaida ko lambar asusun banki, ba ku buƙatar su. Mai ba da aiki bayanin yaran da aka zaɓa masa kawai zai gani, bayan sun yarda.

Kan awo, adadin rajista da na mabiya ba su nuna komai. Ku ƙidaya huɗu: nawa aka tura, nawa suka fara, nawa ke nan bayan wata uku, nawa ke nan bayan wata shida. Ku ƙara kwanakin da aka ɗauka daga rajista zuwa tayin farko. Shirin lamunin matasa na Tarayyar Turai na 2013 ya sa wa'adin wata huɗu a ba matashi tayin aiki ko horo ko karatu, kuna iya aron wannan ma'aunin. Duk wanda ya bari, a rubuta dalili daga jeri ɗaya: kuɗin zirga-zirga, rashin biya, nisa, hanin gida, rainon yaro, rashin lafiya, saɓani da mai ba da aikin. Kuma wanda ba a same shi a waya ba, a rubuta ba a same shi ba, kada a lissafa shi cikin masu nasara. Ranakun farko sun fi haɗari, don haka a kira yaron da mai ba da aikin a rana ta uku, sannan a ƙarshen mako na biyu.

Injiniya Bashir ya ƙara:

Malama, na bar maganar shafin intanet a baya. Bayan wata uku, in teburin yana tafiya, ku yi shafi ɗaya mara nauyi, don masu ba da aiki da iyaye su tabbatar ku na gaske ne. Google Sites ya isa. A sa ko ku su waye, lambar ƙungiya, hanyar zuwa fom, guraben da ke buɗe da ranar rufewarsu, da layi ɗaya da manyan haruffa cewa ba ku karɓar kuɗi daga kowa. Kowane hoto a matse shi ƙasa da KB 100, babu bidiyon da ke kunna kansa. Ku gwada shi a mafi raunin wayar da ke hannun yaranku, da data ba wifi ba. In ya wuce daƙiƙa goma bai buɗe ba, a rage kaya. Mutum ɗaya a cikinku ya ɗauki nauyin cire guraben da suka rufe, rana ɗaya tsayayya a kowane mako, a kuma rubuta ranar da aka sabunta a saman shafin.